Wurin da Ba a Faɗa

Litinin, 5 ga Maris, 2012
Ɗana Habu ya kira daga Manchester inda yake zaune yanzu, ko gaisuwa babu. Council, wato hukumar gari, sun kewaye filinsu da waya, sun manna takarda za a baje shi. Kangon nan ne na bayan tsohuwar masana'anta a nan Perry Barr, inda shi da abokansa suka tara tudun ƙasa da shebur suna tsalle da kekunan BMX, tun da aka rufe filin wasan unguwa wai babu kuɗi. "Mama, wani ne ya faɗa musu."

Laraba, 7 ga Maris
Yaran sun ce mujallar keken da Habu ke fitarwa ce ta tona wurin. A kan teburin cin abincina aka haife ta, yana ɗan sakandare: almakashi, gam, hotuna, sai ya kai shago a Lozells a buga masa. Laka ya sa mata suna. Na sha faɗa a kan gam ɗin nan. Amma ni shaida ce, doka ɗaya gare su: ba a nuna wuri. Da baƙin alƙalami yake shafe gada da turken lantarki a kowane hoto.

Tomas, wanda suka fara haƙa tare, ya daina ɗaukar wayarsa. Shagon kekunan unguwar Rusholme, da ke sayar da mujallar, ya mayar masa da fitowar wannan watan.

Asabar, 10 ga Maris
Ashe Baban Habu ne ya tona. Da bakinsa ya faɗa, muna karin kumallo. Ya san wurin tun ranar da ya ɗauko Habu da karyayyen hannu. Ya zana taswira tsaf irin ta injiniya, ya haɗa da mujallun, ya kai council a ba yaran izini. "Aikin kirki suka yi, Hajo. Na ce a zo a gani." Da alfahari fa ya kai.

Ni da na shekara ina addu'ar a rabu da keken nan, sai na ture shayin na tashi.

Lahadi, 11 ga Maris
Ko ya faɗa wa Habu, ko ni in faɗa. Haka na ce, na shige kicin.

Juma'a, 16 ga Maris
Habu ya zo. Uban ya yi bayani dalla-dalla kamar yana gaban kwamiti. Habu ya ce, "Baba, har da taswira?" Shi ke nan. Bai ci tuwon ba.

Daga baya Habu ya ce ba zai gaya wa yaran ba, gara su ci gaba da zaginsa da su zagi ubansa.

Talata, 20 ga Maris
An baje filin.

Lahadi, 15 ga Afrilu
Sun sami wani wuri. Tomas bai huce ba, amma ya zo da shebur. Ni na kai su da mota, don kawai kayan sun yi nauyi. Na ɗan tsaya. Da Habu ya tashi sama ban rufe ido ba, ban san dalili ba.

Da na dawo Baban Habu ya tambaya a hankali, idonsa a kan jarida, "Ina ne sabon wurin?"

Na ce ban sani ba. Tun aurenmu ban taɓa ɓoye masa komai ba. Na zuba masa shayi.