Rautar da Ta Bar Zaure

Lausu, Rano.

Zuwa ga ɗana Salahuddeen,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Sadiya da yara. Ya Kano?

Ka sani injin niƙana ba wanda ya kafa mini shi. Shaguna biyu da gumina na gina, sola ma ni na ɗora. Yanzu kuma ni na fara kawo rauta unguwar nan, akwatin nan mai eriya biyu da ke watsa waifai. Ƙarama ce, amma na rataye ta a zaure. Da la'asar ka zo ka ga ƙofar gidana: tabarma ba wurin zama, har Malam Munzali mai cewa waya shirme ce yana nan yana sauraren karatu. Kowa Alhaji, Alhaji.

Ƙanwarka Ikram tana ƙorafin wai rautar ba ta kaiwa cikin gida. Na ce katangar ƙasa ce mai kauri, ta yi haƙuri.

Mahaifinka,
Alhaji Isiyaku Mai Inji.

Zuwa ga ɗana Salahuddeen,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya jikin ɗanka Adnan? Allah ya ƙara sauƙi.

Shekaranjiya na shiga gida da rana na tarar da Ikram tsaye a kan turmi, jikin katanga, ta ɗaga waya sama, littafi a hammata. Ashe haka take bin darasin jarrabawar shiga makarantar jinya tun da na kawo abin. Ba ta gan ni ba. Na daɗe a tsaye. Ni a aji uku na bar sakandare, ka sani.

Na cire rautar da hannuna na kai ta rumfar mahaifiyarku. Yanzu zaure ba sabis. Jiya mutum biyu suka zo, yau ni kaɗai na sha shayina. Na ɗauka hirata suke zuwa ji. To, ba komai.

Abu ɗaya nake so. Idan mutum ya wuce ta lungun baya, wayarsa takan ɗan kamo waifai ɗin rautar, sai ya ga wasu haruffa da lambobin kamfani a wurin sunanta, kamar ba ta da mai ita. Ka zo ranar Juma'a ka goge su. Ka rubuta Alhaji Isiyaku Mai Inji, cikakke, kada ka taƙaita mini.

Mahaifinka,
Alhaji Isiyaku Mai Inji.