Dutsen Bahago

Gidan Yari,
4 ga Maris, 2003

Zuwa ga Yaya Shatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ƙuliƙulin da kika aiko ya iso, mu tara muka cinye shi, kowa ya sa miki albarka.

Yau wata goma sha ɗaya ke nan da alƙali ya ce a yanke mini hannun dama saboda bijimin da na kora daga garken mutane. Ban musa a gabansa ba, ba kuma zan musa a gabanki ba. Amma Yaya, ba su yanke ba, ba su sake ni ba. Lauyan da ya ɗaukaka ƙara kullum maganarsa ɗaya, in yi haƙuri. Duk sanda aka taɓa kwaɗon ƙofa sai in tarar na cusa hannun a hammata, ban ma san lokacin da na yi ba.

Ga roƙona. A ƙasan zabirata ta wanzanci akwai wani tsohon dutsen washi naɗe da tsumma. Na saye shi wurin masu tsofaffin kaya a kasuwar Mashi, kwana kaɗan kafin abin ya faru, ko aska ban ɗora masa ba. Dutse ne na gaske, irin na Baba marigayi, sai dai mai ya toshe shi, tsakiyarsa kuma ta yi kwarmi. Ki jiƙa shi a ruwan toka mai zafi kwana uku. In man ya fita, ki zuba yashi mai laushi da ruwa a kan dakalin siminti, ki kife shi ki riƙa gogawa har ya daidaita. Ke 'yar wanzamai ce, ba sai na ja zance ba. Ina so in san akwai abin da ke jirana a waje.

Ki huta lafiya.
Ƙanenki, Zakiyyu

Babban Mutum,
29 ga Maris, 2003

Zakiyyu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara na gaishe ka. Kai dai hali ba ya canjawa, kana kulle ma sai da ka samo mini aiki!

Na jiƙa dutsenka. Man da ya fito ya isa a soya ƙosai. Ashe ba baƙi ba ne, launin hanta gare shi, har na tsaya ina kallonsa kamar sabon zane. Na fara gugar shekaranjiya, maigidan sai mita yake wai zan cinye masa dakali.

Kafin in fara na gwada wuƙar yanka kuɓewa a kai, ta ƙi zama, sai zamewa take yi gefe. Na ɗauka hannuna ne ya manta, na kai wa Baba Sada, tunda shi kaɗai ya rage a wanzaman gidanmu. Idonsa ya tafi, amma ya bi kwarmin da babban yatsa sau biyu, ya yi dariya. Ya ce, "Shatu, mai dutsen nan bahago ne. Ji yadda ramin ya karkata. Ya fi shekara talatin yana wasa aska da hagu, har dutsen ya bi hannunsa. Kuma gwani ne, ko karce ɗaya babu. Na dama ba zai ji daɗinsa ba sai an shafe wannan." To, shafewar nake yi. Ka ba ni mako biyu.

Maigidan ya je Daura ya ga lauya. An sake ɗaga zama, wai takardu ba su iso ba. Na yi kuka a madafa, na share ido na koma kan dakali.

Allah ya fito da kai.
Yayarka, Shatu

Gidan Yari,
6 ga Afrilu, 2003

Yaya Shatu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Don girman Allah ki dakata da gugar nan, in dai ba ki riga kin shafe ramin ba.

Akwai abin da na ɓoye miki. Wata uku ke nan ina koyon riƙe mariƙin cokali da hagu kamar aska. Ina juya wa mutane baya in yi ta aske gwiwata. Kunya nake ji, don tun muna yara ana buge mana hannu in muka miƙa hagu, na kuma ce a raina wa zai ba bahago kansa, balle jaririnsa ranar suna? Sai ga wasiƙarki. Ashe wani bawan Allah ya yi shekara talatin a haka, mutane suka riƙa sunkuya masa. Na karanta wurin nan ya fi sau goma.

Ramin nan hanya ce da ya riga ya yi. In na ɗora aska, dutsen zai nuna wa hannuna inda zai bi. In kika shafe, ba ni da mai koya mini.

Ki yafe mini wahalar da na sa ki.
Zakiyyu

Babban Mutum,
15 ga Afrilu, 2003

Zakiyyu,

Na amsa sallamarka, amma raina a ɓace yake, ba zan ɓoye ba. Wato kai har ka yanke wa kanka hannun tun ba su yanke ba? Ni ina nan yatsuna sun yi kanta, duk guga ɗaya addu'a ɗaya Allah ya bar maka damarka, kai kana can kana aske gwiwa da cokali! In na bar ramin nan, na yarda ke nan. Ni ban yarda ba. Da wannan hannun ka riƙe zanina ranar da aka fita da gawar Inna.

Dutsen yana hannuna, kai kuma kana inda kake. Abin da na ga dama zan yi da shi.

Yayarka dai, ko ka so ko ka ƙi,
Shatu

Babban Mutum,
20 ga Yuni, 2003

Ƙanena Zakiyyu,

Assalamu alaikum. Wata biyu ba amsa, na san fushi kake. Kana da gaskiya. An sake ɗaga zama, ba a ma faɗi rana ba.

Ban ƙara taɓa ramin ba, gugar farko kuma ba ta kai ga shafe shi ba. Tun ranar da wasiƙarka ta zo na kasa kife dutsen, duk cika bakin da na yi maka. Juya shi na yi na goge bayansa, ya yi sumul, Baba Sada ya gwada aska ya ce ba laifi. Yanzu gefe ɗaya na dama ne, ɗayan na mutumin nan ne yadda ya bar shi.

Na naɗe shi da sabon ƙyalle na mayar cikin zabira. Ka dawo mana kawai, da kowane hannu.

Yayarka,
Shatu