Yakuwar Leah

Rikoto, Zuru
3 ga Yuni

Zuwa ga matata Leah, Maman Praise,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya ƙarfin jikin? Tarin ya lafa kuwa? Ina fata Yaya Monica da maigidanta suna lafiya, Allah ya saka musu da alheri kan jinyar da suke yi miki a Sakkwato. Mu nan lafiya lau, sai kewa. Praise tana zuwa makaranta, sai dai ta ce tuwona ko kare aka jefa da shi sai ya yi ɗingishi.

Kin san ni da waya, da na ji yadda kike jan numfashi sai magana ta maƙale mini. Shi ya sa na ba direba wannan takarda.

Yaya Monica ta gaya mini tambayoyin da likita ya yi miki, wai shekara nawa kina feshin maganin ciyawa, da me kike rufe hanci. Leah, tun ranar ban sami sukuni ba. Shekara tara kina kan kujerar ƙarfen nan da na sa aka yi wa walda a bayan tarakta, kina buɗe famfon magani kina rufewa, iska na maido miki da shi a fuska, ni kuwa ina gaba kamar wani gwamna. Kan feshi ya toshe, ki cire ki busa da baki. Wa ya koya miki? Ni ne, na ce miki haka kowa ke yi. Likita bai ce lalle shi ne sanadi ba, amma ni zuciyata ta riga ta yanke mini hukunci.

Na je wurin Nasiruddeen mai wayarin mota. Ya ce akwai bawul na lantarki, wato famfon da ke buɗewa ya rufe idan direba ya danna makunni daga inda yake zaune. Mun aika Kaduna a kawo guda uku, na hagu da na tsakiya da na dama, da sababbin kawunan feshi masu rariya a ciki, waɗanda ba sa ɗiga bayan an rufe. In Allah ya yarda ke da bayan tarakta har abada.

Yakuwar da kika shuka a ƙarshen gonarmu ta hanyar Kanya ta fito, layi biyu cif. Ki sha magani, ki daina ba nas-nas wahala.

Naki har kullum,
Kefas

Rikoto, Zuru
18 ga Yuni

Leah tawa,

Bayan gaisuwa da fatan kin kwana da sauƙi. An ce an sa miki robar iska a hanci. Zumuntar mata sun zo gida sun yi addu'a, kowa na gaishe ki.

Na ga amsarki da hannun Yaya Monica. Wai na sallame ki daga aiki na ɗauki wayar lantarki a madadinki! Haba Maman Praise, kina kwance ma ba za ki bar tsokana ba? Na yi dariya, daga baya kuma na shiga bayan ɗaki na yi abin da ba na so yarinya ta gani.

Kaya sun iso. Kwana biyu muka yi ni da Nasiruddeen muna yanka tiyo, muna jan waya daga batir zuwa wani ɗan akwati kusa da sitiyari. Da muka gwada da ruwa zalla, na danna hagu sai dama ta buɗe ta yi wa Nasiruddeen wanka, ashe ya juya wayoyin. Yanzu komai daidai. Kawuna ashirin da huɗu, ba wanda ke ɗiga, kuma na rataye tsohon buroshin haƙori na goge wanda ya toshe. Abin da ke cina shi ne sauƙin aikin. Kwana biyu kacal, Leah. Ina hankalina yake shekara tara?

Kin ce kada in taɓa kujerarki, ban taɓa ba. Sifanarki ma tana nan ɗaure a jikinta. Na gaya wa Nasiruddeen yadda muke yi, in mun kai ƙarshen layi ki rufe famfo, ki buga sifana sau biyu a ƙarfe, sannan in juya. Ya ce yanzu babban yatsana ne zai yi wannan aikin.

Kin kuma ce in kula miki da yakuwa, da ita za ki yi mana miya ranar da kika dawo. Na ji. Ta kai gwiwa, Praise ce ke cire mata ciyawa ranar Asabar. Ke dai ki dawo, ko a ƙofar ɗaki za ki zauna kina yi mini faɗa, na yarda.

Mijinki mai kewarki,
Kefas

Rikoto, Zuru
11 ga Yuli

Zuwa ga Yaya Monica,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, da fatan kun koma Sakkwato lafiya. Yaya gajiya, yaya ƙarin haƙurinmu? Ranar jana'iza ban iya yi muku godiya ba. Ke kika riƙe hannun Leah har ƙarshe, ni ina nan ina ɗaura waya. Allah ya saka.

Yaya, akwai abin da na yi, ban gaya wa kowa ba.

Ciyawa ta so ta cinye masara, dole ranar Litinin na fita da tarakta. Shi ne feshi na farko da sabon kayan. Na haɗa maganin da ke kashe ciyawa ya bar masara, na danna makunni, komai ya buɗe gwanin sha'awa. Da na doshi ƙarshen layi na rage gudu yadda na saba, na kasa kunne. Ina jiran a buga sifana. Yatsana na kan makunnin, amma ban danna ba, don shekara tara ban taɓa rufe magani da hannuna ba. Tarakta na tafiya a hankali, ni ina jira, har na fara jin haushin me ya sa ta yi jinkiri yau. Da na waiga, sai kujera da sifana tana lilo, magani kuwa na zuba a kan yakuwarta.

Na kashe inji na yi ta ɗebo ruwa a rafi ina kwara mata har rana ta yi tsaka. Jiya na koma. Duk ta lanƙwashe ta ƙone, layi biyun nan, ko ɗaya bai tsira ba. Ita shekara tara ko ɗigo ba ta taɓa bari ya sauka a wurin ba. Abu guda ta bar mini amana, shi ma ban riƙe ba.

Praise ta ce tana so ta yi miyar yakuwar Mamanta da kanta, ta tambaye ni yaushe za mu je tsinka. Na ce mata ranar Asabar. Yau Alhamis. Don Allah Yaya ki zo, ko ki kira ta, ni ban san da bakin da zan gaya mata ba.

Ki gaida maigida da yara.

Ƙaninki,
Kefas, Baban Praise