Farin Inabin Ɗa'ifa Zai Tafi Bukuru

Da sunan Allah Mai rahama. Ni Gali Maiwada, mazaunin Manfuha a Riyad, nake rubuta wannan a shekara ta 1398 ta Hijira. Ƙirjina ya gaji, amma hankalina garau yake. Zuwa ga 'ya'yana biyu, Basiru da ke nan wurina, da Jamilatu da ke aure a Bukuru.

Na ɗaya. Abin da na bari a raba shi yadda Allah Ya tsara. Ba shi da yawa, ba zai ɗauke ku yini guda ba.

Na biyu, inabin da ke cikin rabin duro a saman soro. Shekara tara na yi ina aikin lambun kafilina, wato ubangidan da ya tsaya mini a ƙasar nan, a duwatsun Ɗa'ifa, inda sanyi yake kamar na gida. Wata shekara cuta ta shigo, fara kamar toka a kan ganye, ta cinye lambun kaf, sai kurangar farin inabi guda da ta tsaya kore shar. Na roƙi reshenta aka ba ni. Zafin Riyad bai karɓe ta ba, tana raye ne kawai, ba ta taɓa 'ya'ya ba. Sanyin Bukuru take so, kuma ina kyautata zaton raɓar can ba za ta kayar da ita ba. A dasa ta a filinmu na can. Inabin na ci ne da yin zabibi, kada a sayar wa mai matsa giya ko nawa ya taya.

Na uku. Basiru, ka jira tsakiyar sanyi, ganye ya zube. Ka yanki rassa goma, kowane da ido uku, ka naɗe a jiƙaƙƙen buhu. Kada ka ba alhazai saƙo. Na taɓa yin wannan wautar: na ɗanƙa wa Alhaji Inuwa ɗauri guda, bawan Allah ya isa gida ya ɗauka asuwakin Makka ne, ya rarraba wa maƙwabta tsaraba. Aikina na shekara uku aka goge haƙori da shi, har ana sa mini albarka. Na yi fushi a lokacin, yanzu in na tuna sai na yi dariya har tari ya sarƙe ni.

Na huɗu, kuma shi ya fi damuna. Tun da Basiru ya ce a sayar da filin ya sayi tirela, Jamilatu ta ce sai bayan ranta, ba ku sake gaisawa ba. Shekara biyu ke nan. Basiru, ban ga laifinka ba, garin nan kuɗi ke yawo a titi, yaro dole idonsa ya buɗe. Jamilatu, kin gaji taurin kaina, na kuwa san wahalarsa. Ki sassauta wa ƙanenki.

Saboda haka kai da kanka za ka kai rassan, Basiru. Ka nemi hutu wurin kafilinka, ka yi sallama a ƙofar yayarka. Ke kuma ki fito da kanki, kada ki aiko. Shi ya haƙa rami, ke ki zuba ruwa.

Ina son ku, so mai yawa, ban iya faɗa da baki ba. Allah Ya yi muku albarka, Ya haɗa kanku, Ya jiƙan mahaifiyarku Hansai. In kun dasa tare, ko inabin bai kama ba, na yafe, buƙatata ta biya.