Tsoho Mai Giɓi

Potiskum, 4 ga Mayu, 1994

Zuwa ga mijina Safiyanu, jikan da bai san hanyar gida ba.

Ƙulunƙulufit! Wane tsoho ne haƙoransa uku suka zube, bai taɓa fita daga ɗaki ba, amma ya fi direba sanin hanyar Sudan? In ka kasa, ka ba ni gari.

Bayan gaisuwa mai yawa, ga rediyon oba-oba na marigayi kakanka Dalhatu nan na ba Saleh direban motar shanu ya kawo maka Kaduna. Ka san duk Juma'a bayan la'asar yakan kira abokinsa Mallam Tijjani a Sudan, shi kuma ya ɗauko mini ƙanwata Yagana mu gaisa. Shekara goma sha bakwai muna haka. Tun rasuwarsa bara ban ji muryarta ba, ita ma ba ta san ya rasu ba. Adireshi ba ni da shi, a iska kawai na san gidanta.

Abin murɗawar ne ya cije. Na shafa masa man shanu, ya ƙara taurin kai kamar mai shi. Tunda kai ne ka gaji lasin rediyon da ƙwaƙular ƙarafa, bismilla.

Taka,
Gogo Joda

Kaduna, 19 ga Mayu, 1994

Gogo amaryata,

Ina gaishe ki da kyau. Rediyo ya iso lafiya, yana warin shanu ciki da waje. Gogo, man shanu? Ya daskare a haƙoran faifan tagullar da ke juya tasha, tururuwa har sun yi unguwa. Kwana biyu ina wankewa da kananzir da tsohon buroshin haƙori, sannan na ɗiga man keken ɗinki. Zaren da ke jan allurar nuna tasha ya ruɓe, na ɗaura sabo. Gilashin gaba ma na goge shi tas, har wani jan tabo da ya ƙi fita sai da na kankare.

Babban faifan ya cinye a wuri guda, haƙora uku sun lashe. Na kai shi kasuwar ƙarafa ta Panteka a yanka mini sabo irinsa. Ki aiko mini da lambar tashar Mallam Tijjani, ban gan ta a littafin kaka ba.

Kacici-kacicinki kuwa, ina da aiki.

Naki,
Safiyanu

Potiskum, 27 ga Mayu, 1994

Safiyanu,

Gaisuwar a taƙaice, raina a ɓace yake. Jan tabon da ka kankare lallena ne. Da tsinke na ɗiga shi daidai inda allura take tsayawa in za a kira Yagana. Kakanka bai taɓa rubuta lambar ba, ya ce tana hannunsa. To hannun yana maƙabarta.

Jiya ban ci tuwo ba. Amma laifin har da nawa: maganar da ya kamata in faɗa maka a fili na mayar da ita wasa.

Ka ajiye takardar nan ka ruga Panteka kafin su narkar da tsohon faifan. Ka mayar da shi yadda ka same shi, ƙusarsa a tsohon raminta, kada ka juya shi ko kaɗan. Sai ka murɗa a hankali. Akwai inda za ka ji hannunka ya faɗa kamar ka taka rami. Kakanka yakan yi tsaki a wurin, ya ce gobe zai gyara. Shekara biyar yana goben nan. A daidai nan yake ta kai da komo yana neman muryar Tijjani.

In ka tarar sun narkar, kada ka ɓoye mini.

Gogo

Kaduna, 11 ga Yuni, 1994

Gogo,

Na same shi a buhun tarkace, da ƙyar, yatsuna duk sun yanke. Na mayar. Juma'ar farko na tsaya a ramin na yi ta kira, shiru sai ƙarar iska. Jiya na sake. Ina faɗin lambar kiran kaka sai wani dattijo ya ce, "Dalhatu! Ina ka shige?"

Mallam Tijjani ne. Na gaya masa kaka ya rasu. Ya yi masa addu'a. Ya ce shekara guda ke nan duk Juma'a yana kunna nasa ya zauna. Yagana tana nan da rai, ƙafa ce kawai ke damunta. Ta sa a tambaya ko har yanzu kina ƙona miya.

Ina tafe ranar Laraba da rediyon. Ki sa a sassabe darbejiyar tsakar gida, a can zan ɗaura eriya. Sabon faifan na jefa shi a aljihun tebur.

Garin da kike bi na, na ba ki Kaduna.

Safiyanu

Potiskum, 13 ga Yuni, 1994

Mijina,

Kaduna ta yi mini hayaniya, ka riƙe abarka. Ka zo da wuri, na tanadi zagin da zan rama wa Yagana, na kuma kwaɓa sabon lalle. Man shanun na ɓoye.

Tsohon kacici-kacicina shi ne faifan tagullar da ka kai Panteka. Haƙoransa uku suka lashe a daidai tashar Yagana.

Gogo Joda