Wanda Ya Cuce Ni Shi Zai Sasanta Aurena

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya fi ƙarfina.

Ni manomi ne daga wajen Kiru. Bara na yi aure, matata 'yar Bebeji ce, mai haƙuri, amma har yau na kasa sauke haƙƙinta na aure. Da ta matso kusa da ni sai jikina ya mutu, gumi ya karyo min, in ji kamar in ruga. Na je asibiti an yi gwaje-gwaje, likita ya ce lafiyata ƙalau, ya tambaye ni ko wani abu ya taɓa samuna ina yaro, na ɓoye masa.

Ina ɗan firamare mahaifinmu ya rasu, yayansa da muke kira Baffa ya riƙa ɗaukata gona lokacin girbi, wai in taya shi gadin dawa. Ashe kura aka ba ajiyar nama. A can ya lalata ni, ba sau ɗaya ba. Na gaya wa Inna, mahaifiyata, ina kuka, ta toshe min baki, ta ce shi ke ciyar da mu, kar ta sake ji. Na yi mata uzuri har na girma, na ɗauka talauci ne ya ɗaure ta.

To yanzu matata ta yi yaji, iyayenta sun ce sai manya sun zauna kafin ta dawo. Na ce wa Inna a kira kawuna, ƙaninta, ta ce ina, Baffa ne babba, shi ya karɓa min auren, tsallake shi abin kunya ne. Na tuna mata abin da ya yi min, sai ta ce in daina tone-tone, abin da ya wuce ya wuce. Wallahi maganar nan ta fi komai yi min ciwo. Yau ni ke ciyar da ita, amma har yanzu shi take karewa.

Ina son matata, ita kuwa tana zaton ƙinta nake yi. In na faɗa mata gaskiya, za ta ci gaba da ganin mutuncina? Ko in fasa ƙwai kowa ya ji? Ranar Juma'a ne zaman, kuma Baffa ne zai dube ni a gaban surukaina ya ce, yaro, faɗa mana abin da ke damunka. Jama'a, me zan ce masa?