Sunan da Muhyiddeen Ya Bari a Kwamfuta

Panshekara, Kano
Litinin

Zuwa ga Yaya Aina'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mutanen Ringim baki ɗaya. Yaya jikin naki? Allah Ya ƙara sauƙi.

Albishirinki, Yaya. Jiya Lahadi da hantsi Zaituna, matar ɗana Muhyiddeen, ta sauka lafiya, an sami mace. Da aka miƙo mini ita na duba fuskarta. Goshin Muhyiddeen ne sak. Wata shida ke nan da muka binne shi, sai ga shi Allah Ya ba mu abin da za mu riƙa kallo. Na rubuto ne domin ba kya jin waya sosai, kuma maganar tana son a karanta miki a tsanake.

Zaituna ta ce tun cikin yana ƙarami mijinta ya zaɓi suna. Ya ƙi faɗa mata, ya ce ya rubuta a kwamfutarsa ta tebur, inda yake ajiye al'amuransa in ya taso daga aiki a Sharaɗa. Mun kunna ta, sai ƙas-ƙas take yi, ta ɗan buɗe ta mutu. Na kira Badi'a, 'yar maƙwabcina, wadda take kula da kwamfutocin wani kamfanin robobi a Bompai. Ta ce faifan ajiyar ne ya kusa mutuwa, kada kowa ya sake kunnawa. Wurin da yake rubutun ba ya buɗuwa sai a cikin tsarin da shi ya kafa, saboda haka sai an kwashe komai, har Windos ɗin, an mayar kan sabon faifai da suke kira SSD. Ta ce wataƙila sau ɗaya tsohon zai jure kwasar.

Suna ranar Lahadi ne. Dangin Zaituna sun ce in zaɓa, haƙƙina ne. Na yi wa jaririyar kiran salla a kunne, amma ban yi mata huɗuba da suna ba. Ba zan raɗa mata nawa ba alhali ubanta ya bar nasa. Ki taya mu da addu'a.

Naki ƙani,
Gwadabe

Panshekara, Kano
Alhamis

Zuwa ga Yaya Aina'u,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, tare da fatan kin tashi lafiya. Mai jego da jaririya suna lafiya.

Yau da safe Badi'a ta zo da sabon faifan. Bai kai tafin hannuna ba, kuma ta ce babu abin da yake juyawa a cikinsa. Muka tayar da janareta don kada a ɗauke wuta ana tsakiyar aiki. Da ta kwance akwatin kwamfutar, na ɗauko ɗan littafina na kwafe lambar da ke jikin tsohon faifan. Ta yi dariya, ta ce Baba ashe har yanzu kana sito. Gaskiyarta. Shekara ashirin da shida na yi a siton kamfanin fata a Challawa, kuma tun da na koyi karatu a ajin yamma ban taɓa barin a fasa durom ɗin magani ba sai na karanta lambarsa da ƙarfi sau biyu.

Ta haɗa faifan biyu, allo ya nuna layi biyu: wanda za a kwafa, da wanda za a share a zuba a kansa. Ta zaɓa da sauri, don aikinta ne kullum, hannunta har ya kai ga dannawa. Na ce ta dakata in karanta. Ta ce to Baba, amma fetur yana ƙonewa. Na ɗora yatsa a kan allon ina bi ɗaya bayan ɗaya. Layin da za a share ya ƙare da huɗu da bakwai. Na duba littafina. Huɗu da bakwai.

Yaya, lambar tsohon faifan ce, saura kaɗan Badi'a ta share shi. Daga nan ta janye hannunta ta riƙe shi da ɗayan. Ta gyara, ta ce in sake karantawa, na karanta sau biyu.

Awa uku aka yi ana kwasa. Sau biyu tsohon ya tsaya yana ƙara, ni ina gefe da carbi. Da azahar ta cire shi ta kunna kwamfutar da sabon. Kafin in gyara zama ta buɗe, komai yana nan yadda Muhyiddeen ya bar shi. Aka kira Zaituna daga ɗaki, ta sa kalmar sirrin, tana kuka.

Ni na karanta musu. Ya rubuta: "In mace ce, Aina'u. Ita ta goye ni da Inna ta rasu, ta yaye ni, kuma har yau ban yi mata komai ba."

Bayan la'asar na ɗauki yarinyar na yi mata huɗuba da shi. Ban san farin ciki yana sa mutum kuka haka ba. Idrisu direba zai zo ɗaukar ki ranar Asabar da safe. Ki zo ki karɓi takwararki.

Naki ƙani,
Gwadabe